Gara na cinye shaidar da ke ɗakunan tsirranmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in koka kan wani abu da ba ya shiga labarai.

Shekara 31 na yi ina koyar da ilmin halittu a sakandare kafin in yi ritaya. Watan jiya na kai wa jikata ziyara a jami'ar da take karatu, ta shigar da ni ɗakin da ake adana busassun tsirrai. Na buɗe wata kabad, ƙura ta turnuƙe ni. Cike take da ambulan na laikin, wato wannan ɓamɓaroki mai launin toka ko ruwan ƙwai da ke manne wa dutse da ɓawon itace, wanda yawancinmu ke ɗauka gansakuka ce. Laikin ɗin yana nan daram. Takardar da ke faɗin inda aka tsinko shi da ranar da aka tsinko, ita gara da kyankyaso suka yi wa kaca-kaca. Mai kula da ɗakin ya ce ai samfurin bai lalace ba. Na haɗiye maganata don ni baƙo ne, amma abin ya tsaya mini a rai.

Laikin ba shi da saiwa. Halittu biyu ne suka haɗa zama, fangas, wato dangin naman kaza, da algi, wato ƙananan korayen halittu masu son danshi, kuma abin da iska da ruwan sama suka kawo shi suke sha. Shi ya sa idan iska ta gurɓace, yana cikin waɗanda ke fara mutuwa. A 1866 wani masani ɗan ƙasar Finlan, William Nylander, ya rubuta ire-iren laikin da ya gani a lambun Luksambur da ke Faris. Bayan shekara 30 sun ƙaurace wa itatuwan lambun saboda hayaƙin kwal, sai wajen 1990 aka ga sun fara dawowa. Abin da ya tara har yau yana ajiye a Helsinki.

Irin laikin da ya fi ba ni mamaki shi ne Lobaria pulmonaria, mai faffaɗan ganye kamar huhu. Turawan da suna ba masu ciwon ƙirji shi saboda kamannin kawai, irin dabarar da muka sani wajen masu tallan magani ranar kasuwa. Tsoffin ambulan na ƙarni na 19 sun nuna yana cikin dazuzzuka da dama na Ingila. Yau in kana son ganinsa da yawa sai ka nausa yammacin Sikotlan. Hayaƙin masana'antu da sare tsoffin itatuwa suka kore shi. Ba don waɗannan takardu ba, da yaran yanzu sun rantse bai taɓa zama a waɗancan dazuzzukan na Ingila ba.

To mu fa? Da idona na ga laikin yana reto kamar furfurar gemu a rassan dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, na kuma gan shi shimfiɗe a duwatsun Jos. Idan gobara da saran itace suka rage shi, da me za mu gwada? Ma'adanar tsirrai ta Ibadan, wadda aka kafa a 1942, tana da samfuri sama da 100,000, amma ba za ta san kowane dutse na Arewa ba.

Roƙona ga shugabannin sassan ilmin tsirrai bai kai kuɗin buhun siminti ba. A sa kafur a kabad. A ɗauki hoton kowace takarda da waya kafin ta ƙarasa ruɓewa. A tilasta wa ɗalibi ya rubuta sunan ƙauye, ƙaramar hukuma, kwanan wata, da irin itacen ko dutsen da ya ɓamɓaro abin. "Daga daji" ba adireshi ba ne.

Jikata ta fara. Ta ɗauki hoton ambulan 47, guda 11 kaɗai ake iya karanta sunan garin.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Zariya