Talabijin na neman ƙwace mini tarbiyyar 'ya'yana

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a gida mai ɗaki biyu a wajajen Shari' Mansur a Makka. Maigidana direba ne, in ya fita bayan asuba sai bayan isha'i muke ganinsa, ni kuma ina yin abincin sayarwa. Da yake zafin rana a nan yakan haura digiri 40, ba halin yara su fita wasa, sai na saba kunna musu tashoshin yara in shige madafa, ina ganin na samu mai raino.

Makon jiya babbansu, ɗan shekara shida, ya ɗauki ludayi ya ƙwala wa ƙanwarsa mai shekara uku a goshi. Da na tsare shi, sai ya ce ai kyanwar nan da ɓera ke buga wa guduma kullum tana tashi lafiya lau. Kumburin ya sace bayan kwana biyu, amma har yanzu ina tuna yadda ya yi tsaye yana mamakin kukanta, domin bai san duka yana da zafi haka ba.

Ga kuma batun harshe. Surukata, Hajiya, takan kira su da dare ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," amma babu mai amsa mata da "Ta zo mu ji ta." Sai su ba ta amsa da Larabcin fusha, wato na littafi, irin na zane mai motsi, idanunsu na kan allo, ita kuma ta ja bakinta ta yi shiru. Wannan shirun nata yana ci mini rai ƙwarai.

Ba zan ɓoye alherin abin ba, domin daga nan suka haddace haruffa da addu'ar cin abinci. Na kuma ji cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, alhali nawa sukan yi biyar.

Malama, yaya zan rage musu kallon ba tare da gidan ya kaure da kuka ba? Maigidana ya ce a cire talabijin ɗin gaba ɗaya, ni kuwa ina tsoron su koma wayata ko gidan maƙwabta, inda idona ba ya kaiwa.

Taki,
Wata uwa daga Makka