Wasiƙa daga Portsmouth: Nelson da maganar amana

Portsmouth, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonka ya iso tun makon jiya, na kuma taya ka murnar shugabancin makarantar da aka ba ka, Allah ya taya ka riƙo. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kukan da ka yi a ƙarshe, cewa malamanka ko tsinke ba sa ɗagawa sai sun shigo ofis sun tambaye ka, ranar da ka tafi taro kuwa komai ya tsaya cik. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya.

Ranar Asabar na je na ga Victory, jirgin yaƙin da Admiral Nelson ya mutu a cikinsa. Yana nan garinmu, an ɗora shi a busasshen wuri tun 1922. Jirgin katako ne mai igwa 104, an sako shi ruwa a 1765, iska ce ke tura shi, kuma mutum sama da 800 ne suke kwana suna tashi a cikinsa. Can ƙasa sai ka sunkuya kake tafiya, ga duhu. A saman bene akwai wani ɗan ƙarfe da aka kafa daidai inda harsashi ya kayar da shi. Na daɗe a tsaye a wurin, kuma kai nake tunani.

Mutumin ɗan limamin coci ne daga wani ƙauye mai suna Burnham Thorpe, an haife shi a 1758. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 9, yana da 12 kawunsa ya ɗauke shi aikin jirgi, yana da 20 ya zama kyaftin. Har ya mutu bai daina jiri da amai ba idan teku ta tashi. Idonsa na dama ya daina gani a Kosika a 1794, aka yanke masa hannun dama a Tenerife a 1797. Wannan ɗan siririn mutum mai ido ɗaya da hannu ɗaya shi Turawan nan suka ɗora a kan dogon ginshiƙi a tsakiyar Landan.

Ana ruwaito cewa ya taɓa yi wa wani yaro sabon shiga nasiha uku: ya bi umarni ba tare da ya tsaya auna shi ba, ya ɗauki duk mai zagin sarki abokin gaba, ya kuma ƙi Bafaranshe kamar yadda yake ƙin shaiɗan. To amma shi kansa da ƙetare umarni ya yi suna. A yaƙin Cape St Vincent, a Fabrairun 1797, ya fitar da jirginsa daga sahu ba wanda ya ce masa, don ya hango jiragen Sifaniya za su haɗe su tsere, ya tare musu hanya, ya haura jirage biyu ya kama. A Kofanhegan kuma, ranar 2 ga Afrilun 1801, shugabansa Hyde Parker ya hango wuta ta yi yawa, ya ɗaga tutar a janye. An ce Nelson ya dubi kyaftin ɗinsa ya ce ido ɗaya gare shi, yana da damar makancewa wani lokaci, ya kara madubin hangen nesa a mataccen idon ya ce shi dai bai ga wata tuta ba. Ya ci gaba da yaƙi, ya yi nasara, aka kira Parker gida aka ba shi rundunar.

Mutanen nan suna son wannan labari, suna ba da shi suna dariya. Ni ina ganin akwai abin da ya fi dariya a ciki. Parker yana nesa, hayaƙi kawai yake hange. Nelson yana tsakiyar abin, ya san hanyar fita ta bi ta bakin igwogin Denmak ne, ga ruwan ba zurfi, juyawa a lokacin halaka ce. Ya ɗanɗana yadda umarnin na nesa ke ɗaure hannun na kusa. Shi ya sa da ragama ta zo hannunsa bai yi wa na ƙasa da shi abin da aka yi masa ba.

Ka dubi yadda ya shirya wa yaƙinsa na ƙarshe. Ya iso wurin rundunar a gaɓar Cadiz a ƙarshen Satumban 1805, shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan bayan hijirar Shehu zuwa Gudu, don ka gane zamanin. Abu na farko da ya yi shi ne ya kira kyaftin-kyaftin ɗinsa cin abinci a jirginsa, rabi ranar da ya cika shekara 47, rabi washegari. A nan ya baje musu dabararsa. A al'adar lokacin, runduna biyu kan jeru ne gefe da gefe suna musayar wuta har wani ya gaji. Shi kuwa ya ce za su kasu, su tunkari sahun abokan gaba kai tsaye, su yanka shi gida uku, su gama da na tsakiya da na baya kafin na gaba su iya juyowa. Ya rubuta wa masoyiyarsa Emma Hamilton cewa da ya gama bayani wasu har hawaye suka yi, kowa ya yarda.

Bai tsaya nan ba, ranar 9 ga Oktoba ya rubuta musu a takarda. A cikinta akwai maganganu biyu da nake so ka riƙe. Ya ce dole a bar wa sa'a wani abu, domin babu tabbas a yaƙin teku. Ya kuma ce idan ba a ga tuta ba, ko ba a fahimce ta ba, kyaftin ɗin da ya kai jirginsa ya jera da na abokin gaba bai yi wani babban kuskure ba. Ka ji fa. Tun kafin a harba igwa ta farko ya gaya wa kowa inda aka dosa, ya kuma ɗauke musu tsoron laifi. Ya san da zarar albarushi ya tashi hayaƙi zai rufe komai, ba mai ganin shugaba balle tutarsa. Su ne mutanen da ya saba kira 'yan uwa tun yaƙin Abu Ƙir a Masar a 1798, inda suka kama ko suka hallaka 11 daga cikin manyan jiragen Faransa 13, Nafoliyon ya maƙale a can.

Ranar 21 ga Oktoba suka haɗu a kusa da Trafalgar (sunan ma asalinsa Larabci ne, tun zamanin Andalus). Jiragen Ingila 27, na Faransa da Sifaniya 33 a ƙarƙashin Villeneuve. Dab da azahar ya sa aka ɗaga saƙon da kowa a ƙasar nan ya haddace: Ingila tana sa ran kowane mutum zai sauke nauyin da ke kansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi Ingila ta amince kowa zai sauke nauyinsa. Jami'in tutoci, John Pasco, ya ce kalmar amincewa babu ita a kundin alamu, sai an haɗa ta harafi bayan harafi, ga lokaci ya ƙure, amma "sa rai" akwai ta a shirye. Nelson ya ce a yi hakan. Wannan canji ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Mai sa rai yana jira ya ga ko za ka yi. Wanda ya amince kuwa ya riga ya ba ka, ya juya baya. Kalmar da ta shiga tarihi ta mai tutoci ce, wadda ta fito daga bakin Nelson ita ce ta yi daidai da yadda ya riƙe mutanensa. An ma ce mataimakinsa Collingwood, da ya hango tutoci na tashi, ya yi gunaguni cewa da ma Nelson ya daina aiko saƙo, ai kowa ya san abin yi. A wurina wannan gunaguni ya fi kowane kirari.

Ka gane inda na nufa. Ban san malamanka ba, amma na san irin gidan da ka gada, inda duk wanda ya yi gaban kansa takardar tuhuma ke jiransa. Wanda aka horar da haka, shiru ya fi masa alheri. Ka tara su, ba don karanta musu dokoki ba. Ka ci abinci da su, ka faɗa musu abin da kake so yaro ya fita da shi daga makarantar nan, ka kuma faɗa da bakinka cewa duk wanda ya yanke shawara don amfanin ɗalibi ba ka nan, kai za ka tsaya masa ko da bai dace ba. Ranar da na farko zai yi kuskure, dukansu kai za su zuba wa ido.

Amma kada ka ɗauka na dawo daga jirgin nan ina yi masa kallon waliyyi. Da safiyar yaƙin ya rubuta addu'a, yana roƙon Allah nasara, kada wani ya ɓata ta da mugun aiki, jinƙai kuma ya zama babbar alamar rundunar bayan an ci yaƙi. Magana ce mai kyau, mutanensa ma sun cika ta, don da guguwa ta taso bayan yaƙin sun sa ransu a haɗari suna tsamo abokan gaba daga ruwa. Sai dai mai wannan addu'a shi ne wanda ya iso Naples a Yunin 1799 ya tarar 'yan tawaye sun miƙa wuya bisa alkawarin za a bar su su tafi Faransa, ya ce shi bai san da wannan yarjejeniya ba. Aka danƙa su ga Sarki Ferdinand na Naples, wanda suka yi wa tawaye, aka kashe da yawa. Admiral Caracciolo kuwa, ɗaya daga cikin manyan 'yan tawayen, rana ɗaya aka yi masa shari'a aka rataye shi a jirgi. Sarkin ya saka wa Nelson da sarautar Bronte a Sisili. Mutane sun ajiye makami saboda an ba su amana, aka ci ta. Na juya maganar ta kowace fuska ban samo masa uzuri ba.

Akwai kuma wadda ta fi taɓa ni. A Yunin 1805 ya rubuta wa Simon Taylor, wani attajirin Jamaika mai bayi da yawa, yana tsine wa aƙidar Wilberforce, mai fafutukar hana cinikin bayi. Gaskiya ne masu goyon bayan cinikin sun yi wa wasiƙar gyare-gyare kafin su buga ta bayan mutuwarsa, amma kwafin asali yana nan, adawar tana ciki. Alhali a jiragensa akwai baƙaƙen fata suna yaƙi, har a zanen tagulla da ke gindin ginshiƙinsa a Landan akwai baƙin matuƙi riƙe da bindiga kusa da shi. Shekara biyu bayan mutuwarsa, a 1807, Ingila ta haramta cinikin. Ƙarfin tekun da ya bar musu kuma shi ne ya kai jiragensu suka yi wa Legas ruwan wuta a Disamban 1851 suka tuɓe sarkinta Kosoko. Don haka ni da kai ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Ga kuma matarsa Frances, wadda ta yi jinyarsa lokacin da aka yanke masa hannu, ya yi watsi da ita saboda Emma, har ya mayar mata da wasiƙarta.

Ranar yaƙin Trafalgar, da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na rana, wani maharbi daga saman jirgin Faransa Redoutable ya same shi a kafaɗar hagu, harsashin ya huda huhu ya karya kashin baya. Suna sauka da shi ya rufe fuskarsa da hankici don kada mutanensa su gani su karaya. Ya yi awa uku a wancan duhun da na sunkuya na shiga, yana ta tambayar kyaftin Hardy jirage nawa aka kama, yana nanata a jefa anka, don ya ga alamar guguwa. Ba a jefa ba, yawancin jiragen da aka kama kuma guguwar ta cinye su. Likita William Beatty ya rubuta cewa ya yi ta maimaita godiya ga Allah da ya sauke nauyinsa, har ya cika wajen ƙarfe huɗu da rabi. Abokan gaba sun rasa jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba. Aka sa gawarsa a gangar barasa don kada ta lalace, aka binne shi a cocin St Paul ranar 9 ga Janairun 1806.

A safiyar ranar yaƙin ya ƙara wani abu a wasiyyarsa. Ya bar Emma da 'yarsa Horatia amana a hannun sarki da ƙasa, ya ce wannan kaɗai yake roƙo. Gwamnati ta ba ɗan'uwansa, wanda bai taɓa yaƙi ba, sarauta da dukiya, ta yi biris da wasiyyar. Ko jana'izar ba a bar Emma ta halarta ba. Bashi ya yi mata katutu har aka tsare ta, ta gudu Calais, ta mutu can cikin talauci a Janairun 1815, yarinyar tana gefenta. Ban yarda da zaman da suka yi ba, amma da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi shiru.

Na ɗauko maka hoton ɗan ƙarfen nan na bene, zan turo. Idan ka yi zaman da malaman, ka rubuto mini yadda ta kaya, musamman abin da dattawan cikinsu suka ce. Sanyi ya fara shigowa a nan, rana tana faɗuwa da wuri. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka gaida uwargida da yara da duk mutanen unguwa.

Wassalam,
Naka har kullum.