A Riƙa Liƙa Sakamakon Tantance 'Yan Kwangila a Sakatariya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, hankalin kowa ya koma kan asusu. An manta da ɗakin da ake zaɓen ɗan kwangila, alhali ta nan kuɗin ke zurarewa.

Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce. Dokar kwangiloli ta tarayya ta 2007, wadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi tasu a kan tsarinta, ta ce a tallata aiki, a jefa takardu cikin akwati mai makulli, a buɗe a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a karanta sunan kowane kamfani da farashinsa. Sannan kwamiti ya duba rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da injiniya da kayan aikin da kamfanin ke da su. Aiki na wanda ya fi araha ne cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa.

A wajen farashin nan ake tafka ɓarna, domin kwamiti kan kalli jimillar da ke shafin ƙarshe kawai. Kamata ya yi a bi takardar ƙididdigar kaya layi-layi, a gwada da kiyasin sashen ayyuka. A ɗauki kwalbati: kankare mai haɗin 1:2:4 (awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa) yana cin kusan buhu shida na siminti a kowace kubik mita. Idan kuɗin da mutum ya sa a layin bai sayi buhunan nan ba, balle yashi da tsakuwa da ladan leburori, to ɗayan biyu ne. Ko ya rage siminti ya sa siririn rodi, damina ɗaya kwalbatin ya rufta, ko ya karɓi kuɗin somin aiki ya dawo yana neman ƙari.

Akwai kuma mutum ɗaya mai kamfani uku, yana takara da kansa. Gane shi ba wuya: lambar waya ɗaya, daraktoci ɗaya a rajista, har kuskuren rubutu iri ɗaya. Haka ma daddatsa babban aiki gida-gida don a kauce wa talla, laifin da a dokar tarayya hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara biyar ne.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli shi ne, duk aikin da aka bayar a liƙa takarda a allon sakatariya: sunayen masu nema, farashin kowa, kiyasin injiniya, da dalilin kayar da wanda aka kayar. Dokar tarayya ta ba wanda bai gamsu ba kwanakin aiki 15 ya kai ƙorafi. To wanda ba a faɗa masa dalilin faɗuwarsa ba, me zai rubuta?

Naka,
Wani injiniyan gine-gine, Zariya