Goggona ta fara mantuwa, wane gida zan kai ta?

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya aiki da jama'a. Na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana.

Maganar Goggona ce, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyata, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yarta, ba ta da wata. Yanzu shekararta 81. Shekara uku ke nan da likita ya tabbatar mana cewa abin da muka ɗauka gigin tsufa ne ashe cuta ce, Alzheimer. Ya ce a cikin masu ciwon mantuwa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ita ke damunsu, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Ya ɗora ta a kan wani magani, donepezil, amma bai ɓoye mini ba: zai iya rage kaifin abin na ɗan lokaci, ba ya warkarwa.

In kika gan ta da safe ba za ki ce komai na damunta ba. Za ta gaisa da ke, ta tambayi yara, har ta karɓe wanki daga hannuna wai ban iya ninki ba. Amma da rana ta yi sanyi sai ta koma wata daban. Ta ɗauki mayafi da jaka ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta je ɗauko yarinya daga makaranta kada dare ya yi mata. Anti, yarinyar nan ni ce. Shekarata 46, ina tsaye a gabanta, tana roƙona in buɗe mata don kada in yi ta kuka ni kaɗai. Likita ya ce sanannen abu ne, ruɗewar takan ƙaru da almuru. Watan jiya ta tarar da ƙofa a buɗe. Awa biyar muna nema kafin a same ta a gefen babban titi, da takalmi ƙafa ɗaya.

Ni da maigidana duk muna aiki. Mun ɗauki masu kula da ita a gida, biyu sun bari, kuma ban ga laifinsu ba. Ni kaina rabona da barcin kirki har na manta. Ranar da na daka mata tsawa don ta tofar da magani, ta ja da baya tana kare fuskarta da hannu, ranar na san ƙarfina ya ƙare.

Na zagaya gidajen kula da tsofaffi guda biyar, biyu suka tsaya mini a rai.

Na farkon na waɗanda ke da sauran ƙarfi ne. Kowa da ɗakinsa, ana taya shi wanka da sa kaya da shan magani, sauran kuwa harkarsa yake yi. Wurin fes, ga lambu, ga tsofaffi na hira suna dariya. Na hango Goggo a cikinsu, zuciyata ta yi sanyi. Sai na tambayi shugabar wurin, ma'aikata nawa ke kwana? Ta ba ni adadin ma'aikatansu gaba ɗaya. Na sake tambaya, ta sake kewayewa. Da na ba ta labarin fitar almuru, sai ta ce kada in damu, akwai maganin da ke kwantar da su, in kuma abin ya yi yawa sai in nemi wani wurin. Gabana ya faɗi, domin likita ya riga ya gargaɗe ni cewa irin waɗannan magunguna na ƙara wa masu ciwon mantuwa haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, ba a ba su sai in dole ta kama.

Na biyun na masu mantuwa ne zalla. Ginin ya tsufa, fenti ya koɗe, kuɗinsa kuma ya fi na farkon. Ƙofar waje a kulle take, sai an danna lambobi. A tsakar gidan akwai hanya mai zagaye, duk yadda mutum ya bi ta zai dawo inda ya taso, kuma an liƙa wa kowa hotonsa na ƙuruciya a ƙofar ɗakinsa don ya gane. Da gangan na koma da yamma ba tare da na sanar da su ba. Na tarar da wani dattijo yana jijjiga ƙofa yana kiran matarsa, wadda aka ce ta daɗe da rasuwa. Wata ma'aikaciya ta zo ta gabansa, ta rage tsawo, ta kama hannunsa ta ce, "Baba, ba ni labarinta mana, a ina kuka haɗu?" Ya saki ƙofar ya bi ta yana magana. Ta ce mini shekararta tara a wurin. Na shiga mota na yi kuka, don ni ban taɓa tunanin in tambayi Goggo labarin yarinyar nan ba, kullum sai dai in ce, "Ai ni ce, Goggo."

To amma mutanen da ke can sun yi nisa ƙwarai. Wasu ba sa magana, wasu a baki ake ba su abinci. Goggo ba ta kai nan ba. Abin da ke hana ni barci shi ne safiyar da za ta tashi da hankalinta garau, ta dubi na kusa da ita, ta dubi ƙofa a kulle, ta gane inda na ajiye ta. In kuma na kai ta na farkon, na san ba da jimawa ba za a ce in ɗauke ta, alhali sauyin wuri kan ƙara dagula wa irinsu lissafi. Ke nan sau biyu zan tumɓuke ta.

Ga kuma Yayana. Yana nesa, sai waya. Cewa yake ai wannan butulci ne, me mutane za su ce? Na ce ya zo ya kwana da ita mako ɗaya, ya ce aiki ba zai bar shi ba. Ba na son mu ɓata, amma maganarsa na ci mini rai, don wani lokacin ni ma haka nake gani.

Anti, ki duba mini. In zaɓa mata gidan da ya dace da yadda take da safe, ko wanda ya dace da yadda take da almuru? Me kuma ya kamata in sa a rubuta mini kafin in sa hannu, musamman kan ƙarin kuɗi in jikinta ya ƙara rauni, da dalilan da za su iya sa a sallame ta, da sanar da ni kafin a sauya mata magani? Yaya zan shawo kan Yaya ba tare da zumunci ya taɓu ba? Sannan ranar tafiya me zan ce mata? Tun ina ƙarama ta hana ni ƙarya, ga shi ana ba ni shawarar in ce mata hutu za ta je na kwana biyu.

Gida na biyun sun ce akwai ɗaki ɗaya, za su riƙe mini zuwa ƙarshen wata. Ina sauraron amsarki.

Taki,
Wata mai sauraro