Wasiƙa daga Pus, bakin Logon

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zaman Kano? Saƙonka ya iso. Ka ce yara sun dame ka da tambayar inda aka binne cibiyarka, ga shi rabonka da Pus ya fi shekara 20. To, ga abin da za ka faɗa musu.

Garinmu yana gaɓar kogin Logon, a ƙasar Musgum. Kogin ne iyaka, nan Kamaru, tsallake Katowa ta Cadi. Amma ranar Talata wa yake tuna iyaka? Tun hantsi kwale-kwale ke sauke mutanen tsallake da kifin banda da awaki. Har gobe ina nan a rumfar baba, ina auna shinkafa.

Kada ka manta ka ba su labarin ɗakunan Musgum, masu tsini kamar an kifa tulu. Zallar laka ce, ba azara ba ginshiƙi, da tudu-tudu a jiki waɗanda magini ke takawa ya hau. Yanzu kwano ya cinye gari, kaɗan suka rage, abin yana ci mini rai. Mutanen nan sun sha wuya a da, don mayaƙan Barno da Bagarmi sun daɗe suna kawo musu harin bayi. Bature Barth ma ya biyo rundunar Barno zuwa ƙasarsu a ƙarshen 1851.

Abin da ya sauya mana rayuwa shi ne madatsar Maga, wadda aka gina a 1979, tsawonta kilomita 27, domin noman shinkafar SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati. An samu shinkafa, an samu tafki mai karfasa da dorina. Sai dai ruwan da ke malala fadamun arewa duk damina ya ragu, ciyawa ta ƙone, masunta da Fulani suka ji a jikinsu, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. Tsofaffin masunta da ke zama a rumfata ba su daina zancen kifin zamanin da ba.

Don Allah ka kawo yaran da kaka, lokacin ruwa ya fara ja, hanyar Marwa ta bushe. Ni da kaina zan tsallaka da su Katowa. Ka gaida mai ɗakinka, Inna ma tana gaishe ku.

Naka har kullum,
abokinka na Pus