Ƙona jijiyar zuciya ba ya sallamar mutum daga shan magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na karanta abin da kuka kawo a shafin lafiya kan ciwon rikicewar bugun zuciya, wanda likitoci ke kira atrial fibrillation, kuma na ji daɗi ƙwarai da kuka taɓo shi, don yana damun mutanenmu da yawa ba tare da sun san sunansa ba. Mutum zai zo asibiti ya ce gabansa na yawan faɗuwa, ko zuciyarsa na tsalle, ko yana haki in ya hau bene. Kafin ya iso wurinmu ya sha maganin olsa har ya gaji, wani ma an ce masa iska ce. Sai dai bayanin naku ya bar mai karatu da tunanin cewa da zarar an ƙona wurin da ke kawo ciwon, shi ke nan an rabu da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a ɗakin masu ciwon zuciya, kuma wannan fahimtar ce ta hana ni yin shiru.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. In lafiya ƙalau take, wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama ne ke ba da tartsatsin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, duk zuciyar ta bi shi. A wannan ciwon kuwa tartsatsin na tashi barkatai, fiye da 300 a minti, sai ɗakunan saman su daina matsewa su koma karkarwa. Jini sai ya kwanta a wata 'yar jaka da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya yi gudaji. Ranar da gudajin ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ranar ce ake kawo mana mutum baki a karkace, ɓarin jiki a shanye. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma wannan haɗarin ya fi faɗuwar gaban abin tsoro nesa ba kusa ba.

Aikin ƙonawar gaskiya ne, kuma ci gaba ne babba. A 1998 Dakta Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bodo na Faransa suka nuna cewa mafi yawan tartsatsin daga bakin jijiyoyi huɗu yake tasowa, waɗanda ke kawo jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Tun daga nan ake zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuciya, a huda bangon da ya raba ɗakunan saman biyu, a zagaye bakin jijiyoyin nan da tabo, ko da zafi, ko da sanyi mai daskarewa, ko da sabuwar hanyar bugun lantarki da Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2023. Tabo ba ya wuce da lantarki. Kamar dai yadda manomi ke share gefen gonarsa kafin a sa wa daji wuta, ko ta taso ba ta da inda za ta tsallako. Ba a tsaga ƙirji, mutum ya kwanta a miƙe na wasu sa'o'i saboda hujin cinyar, washegari galibi ya tashi da ƙafarsa. Binciken CASTLE-AF na 2018 ma ya nuna aikin ya rage mutuwa a cikin masu wannan ciwo da zuciyarsu ta riga ta yi rauni.

To amma an fi dacewa ga wanda ciwon ke zuwa ya tafi da kansa, kuma ɗakin zuciyarsa bai buɗe da yawa ba. Wanda ya yi shekaru a cikinsa dare da rana, sau da yawa ciwon na dawowa, a sake aiki na biyu. Yana da nasa haɗarin kuma: jini kan taru a jakar da ta lulluɓe zuciya, akan taɓa jijiyar numfashi, kuma jifa-jifa zafin kan kai ga bututun abinci da ke bayan zuciyar. Duk wanda aka yi wa aikin dole ya ci gaba da maganin tsinka jini, mai hana jini yin gudaji, aƙalla wata biyu. Bayan nan likita ne zai duba shekarunsa, da hawan jini, da ciwon suga, da ko ya taɓa samun shanyewar jiki, kafin a yi zancen dainawa, kuma da yawa ba sa dainawa har abada, domin ciwon kan dawo a ɓoye mutum bai ji komai ba.

Na yi jinyar wani dattijo ɗan kasuwa da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi, har da sayar da fili, suka kai shi waje aka yi masa aikin. Ya dawo garau, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai ya ajiye ƙwayoyin a kan cewa an riga an gyara. Da aka kawo mana shi asibiti, babbar 'yarsa ta zazzage mana ledar magungunansa a kan gado, fakitin maganin tsinka jinin ko ɓare shi ba a yi ba. Tana kuka tana cewa, "Sista, wallahi ba wanda ya gaya mana." Na yarda da ita. Takardar sallamar da Turanci take, kuma babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu fiye da Turawan da aka yi yawancin binciken a kansu. Su galibi tsofaffi ciwon ke kamawa. Mu kuwa, ban da hawan jini da ya zama ruwan dare, muna ganinsa a jikin mata masu shekara 25 ko 30, wasu da ciki. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a kashe ƙwayar cutarsa da penisilin ba, ya koma zazzaɓin gaɓoɓi, ya cinye murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, wanda ke hana jini komawa baya, har ya tsuke. Jini ya rasa hanya, ɗakin sama ya buɗe, bugun ya rikice. Irin wannan mara lafiya ko an zura bututu an ƙona bakin jijiyoyi, matuƙar murfin na nan a tsuke, ba a taɓa tushen ciwon ba. Abin da take bukata a buɗe murfin ko a canza shi. In ta kama a tsaga ƙirji, a nan ne aikin da Dakta James Cox ya fara a 1987 a birnin Sant Luwis na Amurka ke shigowa: tun da zuciyar na buɗe, sai likitan tiyata ya zana layukan tabo a ɗakunan saman biyu, ya bar wa lantarki hanya ɗaya tak. Da can yanka ake yi a ɗinke, yanzu da zafi ko sanyi ake yi. A lokaci guda akan rufe 'yar jakar nan da jini ke kwanciya, kuma binciken LAAOS III na 2021 ya nuna hakan na rage shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin uku, a cikin mutanen da yawancinsu suka ci gaba da shan maganinsu.

Hatta maganin ma ba ɗaya ba ne. Sababbin ƙwayoyin tsinka jini masu tsada sun fi sauƙin sha, ba sa bukatar yawan gwaji. Amma binciken INVICTUS na 2022, wanda aka yi a kan mutum fiye da 4,500 a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa ga masu lalacewar murfi irin wannan, tsohon maganin nan wafarin ya fi rivaroxaban, ɗaya daga cikin sababbin, kare rai. Wafarin kuwa sai da gwajin jini na INR, mai nuna yadda jinin ya tsinke, a kai a kai, kuma nan ne muke shan wahala, don mace za ta taso daga ƙauye, kuɗin mota ya fi kuɗin maganin.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitan zuciya daga ɗaya daga cikin asibitocin koyarwarmu, na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ya yi wa masu karatu bayani da Hausa. Ya koya musu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ji ko bugun na tafiya daidai ko yana ɗingishi. Ya gaya musu kada kowa ya sayar da gona ya nemi biza sai an yi masa gwajin lantarkin zuciya da hoton zuciya a nan gida, an san ko murfinsa lafiya yake. Wanda kuma zai tafi, ya tambayi likitan da zai yi aikin sau nawa yake yin irinsa a shekara, me za a yi in ciwon ya dawo, kuma wa zai ci gaba da duba shi bayan ya sauka daga jirgi. Ku kuma ware shafi guda ga iyaye mata kan ciwon maƙogwaron yara mai zuwa da zazzaɓi, a riƙa kai su asibiti ana dubawa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano