Wasiƙa zuwa ga ɗana game da ɗawainiyar da ke gabansa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na samu labarin cewa maiɗakinka tana da juna biyu. Allah ya raba lafiya. Na rubuto ne domin na lura maza da yawa suna ɗaukar cewa aikin uba yana farawa ne ranar da yaro ya isa shiga makaranta, alhali kuwa kafin ranar ta zo an riga an gina mafi yawan abin da karatun zai zauna a kansa.

Ginin yana farawa tun kafin ciki ya fito. Cikin kwana 28 na farko ne sashen da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi yake haɗewa, shi ya sa ake son mace ta riƙa shan folik asid, wani bitamin da ke taimaka wa wannan haɗewar, tun da wuri, tare da maganin ƙarin jini idan ta fara awo. Ƙarancin ayodin, sinadarin da ake ƙarawa a gishiri, a jikin uwa ma yana daƙile ƙwaƙwalwar ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, tana ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ka tabbatar tana zuwa, ka nisanta ta da hayaƙin taba, kada ta sha wani magani sai da izinin likita. Ka kuma sauƙaƙa mata rai, domin damuwa mai tsanani wadda ta daɗe tana iya shafar cikin, kuma sau da yawa maigida ne ke da ikon rage ta ko ƙara ta.

A watanni uku na ƙarshe jariri yana jin sauti daga cikin mahaifa, kuma wani bincike da aka wallafa a 1980 ya nuna cewa ɗan kwana biyu ko uku yana fifita muryar mahaifiyarsa a kan ta wata mace. Ke nan da saninsa yake isowa. Idanunsa kuwa a farko ba sa gani sosai sai abin da ke nisan kamar santimita 20 zuwa 30, wato gwargwadon tazarar fuskar wanda ya rungume shi.

A nan nake so ka fi mai da hankali. Jariri yana koyo ne ta hanyar amsawar da ake yi masa: ya yi kuka a ɗauke shi, ya yi gwaranci a mayar masa da magana, ya kafa wa abu ido a faɗa masa sunan abin. Za ka ji masu cewa yawan ɗauka yana sangarta jariri; ni ban yarda da wannan ba, domin ɗan wata uku bai san dabara ba, buƙata kawai ya sani. Gidajen marayu na ƙasar Romaniya sun nuna wa duniya illar rashin wannan amsawa. Yaran suna da wurin kwana ana kuma ciyar da su, amma babu mai tsayawa ya kula da kowanne shi kaɗai, sai harshensu da fahimtarsu suka koma baya, kuma waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi sauran farfaɗowa. A Jamaika kuma, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar iyayen yara tsumburarru kowane mako tsawon shekara 2, suna koya musu wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20 aka tarar yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba kayan wasa masu tsada aka yi aikin da su ba.

Saboda haka idan ka dawo gida ka ajiye waya, ka karɓi yaron, ka yi masa magana ko da kana ganin ba ya fahimta. Kada kuma a ɗora masa waya ko talabijin a gaba don ya yi shiru, musamman kafin ya cika shekara, tunda allo ba ya amsa masa. Nonon uwa zalla ya ishe shi wata 6 na farko, amma shayarwa tana cin ƙarfi, don haka ka ɗauke mata wasu hidimomin. Duk yadda kukansa ya kai ga gajiyar da kai, kada ka jijjiga shi da ƙarfi. Ka kwantar da shi a bayansa, ka fita ka huce. Idan kuma ka ga maijego ta shiga baƙin ciki da rashin walwala fiye da mako biyu, ciwo ne da ake magani, ka kai ta asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ka sanar da mu yadda awo na gaba ya kasance.

Wassalam,
Mahaifinka